Taron da Muka Kawo Tambuwal Saboda Inna

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ranar da muka yi taro a Tambuwal ba za ta goge daga zuciyata ba.

Muna da wata ƙungiyar sa-kai a intanet, muna mayar da bayanan kiwon lafiya zuwa Hausa domin matan karkara. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. A cikinmu akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar firamare da ke zaune a wani ƙauye bayan Fakku a ƙasar Kebbe, duk muna ce mata Inna. Idonta ya yi rauni, don haka murya take turowa. Nakan saurari saƙonta in sake saurara, saboda a bayan maganarta ana jin kukan kurciya da amon daka.

Kowace shekara a babban birni ake taronmu, kuɗin mota da masauki kuwa sun fi ƙarfinta. Da aka sa ni cikin masu zaɓen wuri, sai na ce a zo garinmu Tambuwal. Motocin Sakkwato na wucewa ta nan, abinci da araha, baƙi kuma mu raba su gidajen 'yan'uwa. Wata makaranta ta ba mu ɗakin taro kyauta, amma sai lokacin dogon hutu. Aka duba taswira a waya, aka ga Kebbe ga ta nan kusa. Kowa ya yi murna.

Na kira ta na yi mata albishir. Ta ce, "Don ni kunka yi haka, ɗiyata? To, Allah shi kai mu."

Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa. Taswira kuma ba ta nuna rafin da ke tsakanin ƙauyensu da titi ba.

Ranar taro tun asuba ake ruwa. Na ajiye mata kujera a sahun gaba, idona na kan ƙofa. Wajen azahar sai ga kiranta, na kara wayar a lasifika. Rugugin ruwa ya cika ɗakin.

"'Ya'yana, ga ni bakin rafi da sabon zanena. Mai babur ya ce ko kifi ba shi ƙetare wanga ruwa yau, balle tsohuwa da ƙullin ƙuliƙuli." Ta yi dariya. Babu wanda ya taya ta.

Shugabanmu ya ce, "Inna, me ya hana ki gaya mana tun farko?"

"Kun ɗauko taro tun daga birni kun kawo min ƙofar gida, sannan in ce ku sake rana? Haba, ina kunyarku. Ku ci rabona. Sai baɗi, in da rai."

Ba ta ga baɗin ba. Ana cikin girbin gero ɗanta ya sanar da mu rasuwarta. Har yau ban san kamannin fuskarta ba.

Tun daga nan na gane cewa in za a zaɓi wuri domin mutum, a tambaye shi kafin a yanke magana. Mai kara, in an riga an yi masa alheri, godiya kawai zai yi, ko da alherin ba zai iso gare shi ba.