Irmhild Rautenberg, wadda ta koya wa fitilunmu Jamusanci

Kullum safiya Frau Irmhild Rautenberg, wato Malama Irmhild, takan dafa kofinta, ta shafa wa burodi man shanu, ta zauna kusa da tagar ɗakinta a garin Hagen na ƙasar Jamus da littattafan bayanin fitilun dandamali da ake kawowa daga Ingila. Aikinta ta mayar da su Jamusanci. Idan wata kalma ta ƙi ci, ba ta tsayawa ga ƙamus. Takan saka rigar ruwanta ta hau jirgin ƙasa ta zo gidan wasanmu ta tambaye mu. Sama da shekara talatin tana haka, sai a bana ta ajiye aikin.

Ni ma'aikacin fitilu ne, kuma ina nan ranar zuwanta na farko. Turawan Ingila suna kiran faifan ƙarfen da ke tare haske a bakin fitila ƙofar garke, ita kuwa ta fassara shi haka nan. Detlef, babbanmu a lokacin, ya karanta ya tuntsire da dariya.

"Frau Rautenberg, kin ga shanu a nan ne? Ko mu ne shanun?"

"Shanun ban gani ba tukuna," in ji ta. "Amma in ka daina dariya ka nuna mini abin, zan gyara."

"Yana can sama. Sai kin hau."

Tana tsoron bisa ƙwarai, daga baya muka sani. Ta tuɓe takalmanta masu tsini ta hau tsanin har gadar fitilu. Ta taɓa abin da hannunta, ta tambayi sunan da muke kiransa, ta tambayi abin da 'yan Hamburg ke ce masa. Tun daga ranar Detlef bai ƙara yi mata dariya ba, sai dai tsiyar kofinta, wanda ya ce ruwan wanke tukunya ya fi shi ƙarfi.

Irmhild, ke ce ba ki taɓa ƙirƙiro mana kalma daga kan tebur kika ɗora mana ba. Abin da ke bakin ma'aikata shi kike ɗauka ki wanke ki mayar mana a rubuce. Saboda ke yaran da suka koyi sana'ar nan suke karanta gargaɗin zafin ƙwan fitila da harshen iyayensu, su gane kafin su kai hannu.

Akwai ranar da duk wanda ke wurin yake tunawa. Wata ƙungiyar rawa ta zo daga birnin Glasgow na Birtaniya da mai tsara haskensu, wata mata mai suna Morag, aka roƙi Irmhild ta yi tafinta. Ana cikin gwaji da rana Morag ta ce a sauko da ƙarfen fitilun da ke hagu. Wani abokin aikinmu mai ɗan jin Turanci ya riga kowa faɗa wa Detlef, shi kuwa ya kai hannu ga maɓallin. To, su hagun ɗan wasa suke nufi, mu kuwa hagun ɗan kallo. Ƙarfen da Detlef zai saukar, masu rawa ne zaune a ƙarƙashinsa suna miƙe ƙafafu, labule ya tare masa su.

"Detlef, ɗauke hannunka," in ji Irmhild, ba ta ko ɗaga murya ba. "Hagunta damarka ce."

Ya ɗauke. Ya leƙa bayan labulen ya ga 'yan matan, ya dawo ya zauna a kan akwati. Irmhild ta miƙa masa kofin da ke hannunta, ya shanye bai kushe ba.

Da dare ya yi aka yi wasa, aka tafa wa masu rawa, aka kira Morag ta rusuna. A takardar shirin wasan akwai sunan mai ɗinka sutura da na mai gyaran gashi, nata babu. Haka yake a duk littattafan da ta fassara: sunan kamfani ne a bango.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aikin ya ƙare. Kamfanin da ke ba ta fassara ya koma amfani da na'ura, ya riƙa turo mata abin da na'urar ta yi don ta duba. Sannu a hankali wannan ma ya tsaya. A daidai lokacin idanunta suka fara rauni. Ba a yi mata walima ba, ba wanda ya yi jawabi. Mu da ke dandamali mun ga dai ta daina zuwa, kowa ya ɗauka tana hutu ne. Detlef, wanda da shi ne zai fara cigiyarta, ya riga ya rasu.

Da muka ji abin da ya faru da ita, muka sayi kek ɗin tuffa muka je gidanta wata ranar Lahadi. Ta gane mu da murya. Na ce mata mun zo a makare.

"Kun zo dai," ta ce. "Zauna, kana tare mini taga."

Na gaya mata mun ajiye mata kujera a layin gaba a duk wasan da take so.

"Ka san ban taɓa kallon wasa daga kujera ba? Kullum ina gefe ina sauraron abin da za a ce. Na riƙa cewa sai na yi ritaya. Yanzu fuskoki sun ɓace mini, haske da duhu da launi kawai nake rabewa." Sai ta yi murmushi. "Amma ai wannan ɗin naku ne. Zan zo. In kun yi kuskure zan gani."

Ta zo kuwa, ta zauna har ƙarshe, ta ce shuɗin da muka sa a kashi na biyu ya yi sanyi da yawa. Mun gyara.

Mun gode, Irmhild, mai hawa tsani don kalma ɗaya. Ke ce kika tsaya tsakanin harshe biyu don kada ƙarfe ya faɗo wa kowa. Masu tasowa a aikin fassara, ku je inda ake amfani da kalmar ku tambaya, kamar yadda ta yi. Sauranmu kuwa, a kowane wurin aiki akwai irinta, wadda sunanta ba ya kan takarda. Ku nemo ta ku gode mata tun tana iya ganin fuskokinku.