Ƙuri'ar Marigayi Baba

Mahaifina bai taɓa jefa ƙuri'a ba a tsawon rayuwarsa. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Gangara, mai gero da wake da ƴan awaki. Duk ranar zaɓe sai ya saɓa gatarinsa ya nufi gona, ko da rani ne babu abin yi a can sai kallon kara. Sai da ya shekara huɗu a kabari sannan kishin ƙasa ya kama shi.

A shekarar ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, a wani gari wajen Agiye, nakan zo gida ƙarshen mako. Zaɓen kumin ne, wato ƙaramar hukuma, wanda ake fitar da konseye, su kuma su zauna su zaɓi magajin gari a cikinsu. Jam'iyyu biyu ne ke da ƙarfi a ƙauyenmu, kuma Allah ya yi ni mai sa'a, shugabannin duka biyun nawa ne. Ɗaya kawuna ne, ƙanen Inna, dillalin awaki a kasuwar Gangara. Ɗayan surukina ne, uban matata, Alhaji mai sayen aya da gyaɗa yana kaiwa Agiye. Kafin siyasa tare suke cin tuwo a ƙofar gidanmu. Da kamfe ya kankama, sai kowannensu ya gano cewa ashe shekara talatin yana cin abinci da ɓarawo.

Kawu ya hau bayan mota da lasifika ya shaida wa gari cewa takin zamanin da aka aiko wa manoma ya ɓata hanya, ya shiga magazan ɗin da Alhaji ke ajiye kaya, ya fito da sabon buhu da sabon farashi. Alhaji ya hau tasa motar ya ce a je a duba sabon ɗakin Kawu, a tambaye shi inda dillalin awaki ya samo siminti iri ɗaya da wanda aka kawo don ajin lakol. Abin da ya fi ba ni haushi, duka biyun gaskiya suke faɗi, kuma ban taɓa jin gaskiya mai yawa haka daga bakin ɗayansu ba.

Gari ya rabe. Mahauta biyu gare mu, sai ya zama akwai naman Kawu akwai naman Alhaji. Injin niƙa ma haka. Samari masu fadar shayi suka raba butoci da kofuna. Matata ta koma zagaye ta bayan masallaci in za ta gidansu, don kada matan Kawu su ƙidaya mata sau nawa ta je. Ni kuwa Kawu ya aiko mini hula mai hoton ɗan takararsu, Alhaji ya aiko mini riga mai hoton nasu. Na sa su a ƙasan akwati tare, suka zauna lafiya.

Lokacin ba a kawo katin zaɓe mai hoto ba. Katunan sukan zo ƙofar maigari, kowa ya je ya karɓi nasa. Kawu, saboda tsananin son zumunci, ya ce kada Inna ta sha rana, shi zai karɓo na gidanmu. Ya kawo nata da nawa da na matata. Inna ta sa masa albarka.

Ranar zaɓe sai bayan la'asar na je, don layi ya ragu. A ajin lakol ɗin ƙauyen aka yi buro, wato rumfar zaɓe. Shugaban buron wani mushe ne, malamin lakol, daga Gidan Rumji, baƙo, bai san kowa ba a garin. Wakilin Kawu da wakilin Alhaji na zaune gefe guda, kowanne da littafi da biro, suna harar juna. Mushen ya buɗe jerin sunaye yana bin layi da yatsa har ya same ni. Sama da sunana kuwa ga sunan Baba, ga dangwalen yatsa a gabansa.

Na ce, “Mushe, wannan fa?”

Ya duba ya yi murmushi. “Mahaifinka ne? Ai tun da safe ya zo. Tsoho mai kuzari, masha Allah. Ba shi da takardar shaida, amma mutum biyu sun shaide shi.”

“Su wa?”

Ya duba wata takarda ya karanto. Na farko Kawu ne. Na biyu ƙanin matar Kawu.

Na ce masa a hankali, “Mushe, ni na sa shi a kabari da hannuna.”

Murmushin ya bar fuskarsa. Na juya wajen wakilin Alhaji, wanda aka zaunar a can musamman don ya kama irin wannan, wanda kuma shi ma ya ɗauki makarar Baba. Na ce, “Kai kana nan aka yi?” Sai ya duƙufa yana neman wani abu a littafinsa, har yau ban san ko ya same shi ba. Daga baya na ji dalili. Kafin Baba ya shigo, yayan Alhaji, wanda ya riga Baba rasuwa da damina biyu, ya riga ya zo ya yi nasa zaɓen, wakilin Kawu kuma ya kau da kai. A duk tsawon kamfen, wannan ce kaɗai yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka cika.

Ban yi niyyar gaya wa Inna ba, amma kafin in isa gida magana ta riga ni. Na tarar da ita tana ɗaura gyale. Inna mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma taɓa kiran sunana ba don ni ne ɗan fari. Ta ce, “Kai, wuce mu tahi.”

“Ina, Inna?”

“An ce Malam ya zo gari. In gan shi.” Haka take kiran Baba.

Muka koma lakol, mata da yara na bin mu a baya. Kawu na zaune ƙarƙashin itacen bedi a bakin fili cikin babbar riga, mutanensa kewaye da shi. Da ya hango ta sai ya miƙe yana washe baki.

“Yaya, ke da kika yi naki tun da hantsi?”

“Na yi. Malam nika nema. An ce kai ka kawo shi.”

Kawu ya ce, “Haba Yaya, wannan sha'anin siyasa ne, ba ki gane ba. Mu je gida in yi miki bayani.”

“A'a, nan za ka yi mini. Wata huɗu da kwana goma na yi ina takaba. Kai ka raba goron sadakar arba'in. Yanzu ka rantse gaban baƙo cewa shina da rai. To in shina da rai, ka nuna mini shi, akwai maganar da ba mu ƙare ba. In kuwa ba shi da rai, ka faɗi wa mutane wane ne ka sa wa sunan mijina.”

Alhaji, da ya ji hayaniya, ya taho da sauri daga tasa inuwar, fuskarsa fal farin ciki. Ya ɗaga hannu ya fara, “Jama'a kun gani ko? Abin da nika faɗi ke nan, waɗannan mutane ko matattu ba su bari ba...”

Inna ta juyo. “Alhaji, ka gaida mini yayanka. An ce shi ma ya samu fitowa.”

Alhaji ya sauke hannunsa. Wani ya fashe da dariya daga baya, sai fili ya ɗauka, mutanen Kawu da na Alhaji tare. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ja gyale ta rufe fuska, muka juya gida. A hanya ta ce, ba da ni take ba, “Ko can ba su bar shi ya huta ba.”

Mushen Gidan Rumji ya rubuta abin da ya faru a takardarsa. Kwana biyu bayan haka jandarma suka zo, suka sha ruwa a gidan maigari, suka tambayi wanda ke da ƙara. Kawu ba shi da ƙara a kan Alhaji, Alhaji ba shi da ƙara a kan Kawu. Ni na buɗe baki, sai na ga matata a bakin zaure tana kallona, na tuna wanda za a fara ɗaurewa ƙanen uwata ne, na biyu kuma ubanta. Na rufe bakina. Ban taɓa alfahari da wannan shirun ba.

Da sakamako ya fito, babu jam'iyyar da ta samu rinjayen da za ta naɗa magajin gari ita kaɗai, ga kuma wata ta uku tana neman shigewa ta tsakiya. Sai manya suka zauna a Gazawa suka gano cewa ashe manufofinsu ɗaya ne tun asali. Jam'iyyar Kawu ta ɗauki magajin gari, ta Alhaji ta ɗauki mataimaki. Ranar rantsarwa na gan su su biyu a gidan gaba na mota ɗaya, sun matsu har hulunansu na gogar juna. Maganar taki da siminti ba a sake jin ta ba. Mahautan nan biyu kuwa sun fi shekara ba sa gaisawa, akwai kuma auren da aka fasa saboda kamfen, ba a sake ɗaura shi ba.

Wata ranar kasuwar Gangara wani tsoho ya yi sallama a gidanmu, ramamme, daga wata rugga can arewa. Ya durƙusa daga nesa ya ce shi ne aka sa wa riga aka kai lakol da sunan Baba. Ya rantse an ce masa mai katin ba shi da lafiya ne, sai a kasuwa ya ji gaskiya. Ya zo neman gafara. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa aka dama masa fura. Da ya sha, ta ce, “To, wa ka zaɓa mishi?”

Ya ce, “Wallahi Hajiya, hotunan sun yi mini yawa, idona kuma ba shi gani sosai. Na dangwala wa kowa, kada wani ya ji haushi.”

Ranar ce na fara jin dariyar Inna tun zaɓen. Ta yi ta har tana share hawaye, ta ce a ƙara masa fura, ta kuma ba shi wake a ƙwarya ya tafi da shi.

Kawu dai bai samu wannan sauƙin ba. Ya aiko maigari, ya aiko liman, ya aiko da akuya, ta mayar da ita. In ya yi sallama sai ta shige ɗaki. Haka aka yi har damina ta wuce, matata ta haihu. Ranar suna ya shigo cikin gida ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, mutum mai furfura, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ta bar shi a nan har aka gama rabon waina. Sannan ta leƙo ta ce, “Tashi ka je ka duba yaran can, kada su ƙona naman.”

Ya tashi da sauri ya tafi, ya manta takalmansa a ƙofar ɗakin.