Wa Zai Karɓi Darasin Malam Inusa?

Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai saura kwata tsohon babur ɗin Malam Inusa yake isowa jami'a daga unguwar Habbena. Ajinsa bai taɓa wuce mutum goma ba, don ɗalibai gudun darasinsa suke yi. Ni ma da ƙyar na zauna.

Lissafin "integral" yake koyarwa, irin murɗaɗɗen nan da abin da ake nema yake maƙale a cikin lissafin kansa. Dabararsa ita ce ka yi hasashen amsa, ka zuba ta ciki, abin da ya fito ka sake mayarwa, har amsar ta daina motsi. Amma kaitonka in ka fara ba ka nuna masa tazarar na raguwa a kowane zagaye ba! "'Yata, wa ya ce miki za ta tsaya?" Haka yakan ce mini, ya tsare ni da ido har in ji kamar in nutse.

Kowa ya ga yadda Mariya 'yar ajinmu ta yi kuka da kundin digirinta, sati uku kwamfuta na zubo mata lambobi sai ƙaruwa suke. Malam ya bar hutun Sallarsa, ya zauna da ita kwana uku har suka gano inda sharaɗin ya karye. Ta so sa sunansa a aikin, ya ƙi ƙememe.

Kai ne Malam, mai haƙurin maimaitawa. Amma wallahi kana ba ni haushi! Ba ka taɓa tallata kanka ba, ga shi za ka yi ritaya ƙarshen wata, shugaban sashe ya ce in babu mai karɓa soke darasin za a yi. Mu fa da muka ci moriyarka? Mun shige ofisoshi masu sanyi, sai shirin walima muke ta yi. Kai kuwa ka ce, "Ku riƙe ragonku, ku kawo mini mutum ɗaya."

Haba jama'a, mutum ɗaya!

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Ku kuma 'yan ajinmu, ku ji kunya ku fito. Ni dai jiya na kai sashen takardata ta neman karɓar darasin, na biya ta gidan Malam na faɗa masa. Ko sannu bai ce ba. Ya ce, "Litinin, Zahra. Zan zauna a bencin baya."