Ranar Da Na Hana A Ja Wuyan Maigidana

Shekara goma sha na yi ina sayar da farfesun kai da wuya daga cikin gida a Kamarawa. Boko ban yi ba, amma wuyan rago na san shi kamar ɗakina. Ƙashi bakwai ne a jere. Na farko zobe ne da kai ke zama a kansa, na biyu yana da ɗan turke da zoben ke juyawa a jikinsa, ta tsakiyarsu duka kuma laka ta bi, fara, mai laushi, wadda ko da farce ina tsinka ta.

Da hantsi ne, bayan girbi, maigidana ya hau rumbu zai gyara jinka, tsani ya zame. Da ka ya sauko. Na tarar da shi a rigingine, ido buɗe, wuya a karkace.

Kafin in gama salati gida ya cika. A wajenmu in wuya ya sage, ja ake yi: wani ya danne kafaɗu, wani ya kama haɓa ya fizga har sai an ji ƙas. Kawunsa, dattijo mai ɗori wanda duk gari ke yarda da hannunsa, ya naɗe hannun riga.

Ni da ko ido ba na haɗawa da shi, sai ga ni durƙushe na tallabe kan mijina da tafuka biyu.

"Kawu, don Allah kar a taɓa shi."

"Ke ɗiyag ga, kauce. Gocewa ce, yanzu za ni mai da shi."

"In kunka ja, laka za ta tsinke. Wallahi sai dai a ja ni tare da shi."

Tsoro biyu nake ji: kada in bari su kashe shi, kada kuma ya zama ni ce na hana shi magani saboda ilimin tukunya.

Kawu ya dube ni, sannan ya ce a cire ƙyauren ɗaki. A kai aka shimfiɗe maigidana, aka tokare kunnuwansa da ƙullin zannuwa, aka sa shi a bayan a-kori-kura zuwa asibitin garin Isa. Duk ramin da muka faɗa sai in ƙara riƙe kansa. Ina ta ce masa ya motsa yatsa, shi kuwa sama kawai yake kallo.

A asibiti aka ɗaura masa abin tallafe wuya, ma'aikaciya ta ce in saki. Hannuna ya ƙi buɗewa, sai da ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Muna jiran motar da za ta kai shi Sakkwato ɗaukar hoto, na ji muryarsa can ƙasa.

"Ke, sosa min tahin ƙahwa. Ƙaiƙayi shika min."

Na sosa. Ya ce ba nan ba, gaba kaɗan. Ashe yana jin hannuna, laka ba ta tsinke ba. Ina kuka na ci gaba da sosawa.