Ni Na Raba Shi da Tamaula

Malam Edita, ina maka fatan alheri. A zamanin Turawa ni saurayi ne, ina aikin gadin gandun daji a ƙasar Birnin Gwari, da la'asar kuma muna buga tamaula ba takalmi a filin bayan makaranta. Shekara shida ni ke cin ƙwallo a ƙungiyarmu. Ko Di'o, Baturen mulkin yankinmu, in ya zo rangadi sai ya tambaya ko zan buga. Kaina ya kumbura.

Ana haka sai wani saurayi ya zo daga Gayam koyon ɗinki, ya shigo cikinmu. Bahago ne, ga gudu, ga ladabi, Yaya yake ce mini. Cikin sati biyu na ji 'yan kallo sun fara kiran sunansa, sai hassada ta shige ni. Na daina ba shi ƙwallo. In ya buga ya ɓarar, in daka masa tsawa a gaban jama'a, in tambaye shi ko a gona ya koyi wasa. In ya ci, in ce sa'a ce. Sannu a hankali ya koma ko ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ya ɗaga kai ya nemi inda nake.

Wata rana 'yan Zariya suka zo wasa, tare da wani Bature mai neman 'yan wasan da za su buga wa lardi. Ana gab da tashi, babu wanda ya ci, saurayin nan ya yanke mutum biyu, golansu ya faɗi, raga a buɗe. Bai buga ba. Ya juyo ya turo mini, alhali mutum uku sun rufe ni, suka ƙwace. Jama'a suka yi masa ihu, ni kuwa na ɗaga hannuwa sama kamar ya cuce ni. Da aka tashi ya same ni, ya ce tsoro ya ji kada ya ɓarar in yi fushi. Na ce masa tamaula ba ta kowa da kowa ba ce. Kafin damina ya tattara kayansa ya koma gida noma.

Bayan shekaru muka haɗu a kasuwar Tabanni. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaya wa abokan tafiyarsa wai ni na koya masa wasa. Na kasa neman gafara, na ce sai wani jiƙon. Bara aka aiko mini ya rasu.

Ku da kuka riga wasu yin suna, ku kula da bakinku a kan na baya, don kuwa yana ɗaukar maganarku da nauyi fiye da yadda kuke zato. In kun san kun karya wa wani gwiwa, ku same shi tun yana iya amsa muku. Ni yanzu sai dai in yi masa addu'a.