Karyayyen Yatsan Yaya Isuhu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isuhu, kuma har yau ban gama sanin mutum nawa aka binne a kabarin nan ba. A Maradi, ɗan Malam ne da ya guje wa karatu. A nan Virginia, direban babbar mota ne mai kai kaya shaguna. Amma a wajen ɗimbin mutanen da ban taɓa gani ba, makaɗin jitar lantarki ne da suke cewa ya sauya musu yadda ake jin kiɗan rok. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'ata kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ni aka ɗora wa nauyin in sa kiɗansa ya yi shiru.

Zuciyarsa ce ta tsaya da rana tsaka, a wurin ajiye motoci a Manassas, yana ɗora sifika a bayan mota. Washegari maza suka yi masa sutura suka kai shi. Masoyansa ba su san mu ba ma ajiye gawa ba. Sai bayan kwanaki suka fara tururuwa gidana a Woodbridge, da baƙaƙen kaya da furanni, suna tambayar yaushe za a buɗe akwati su gan shi. Mata na falo da carbi, ga ƙartai masu gashi har gadon baya suna sharɓar kuka a bakin ƙofa. Mijina ya rasa yadda zai yi da su, ya shimfiɗa musu tabarma a gareji, aka kai musu shinkafar sadaka. Sun cinye tas, suna kuka suna ƙari.

A makon nan ne Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni daga Maradi. Isuhu ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "yayanki". Matan da suka je mata gaisuwa sun gaya mata cewa duk lokacin da wani ya kunna kiɗan nan a ko'ina cikin duniya, ana rubuta masa a can. Ni ba malama ba ce, kuma na ji malamai sun rabu a kan maganar. Amma Inna ba fatawa ta nema a wajena ba. Cewa ta yi, "Ke kina kusa. Ki sa a kashe abin ga, shi samu shi kwanta." Na ce to. Ban san abin da na amsa ba.

Na yi iya yina, Allah shi ne shaida. Na roƙi masu shafukan intanet su sauke kiɗan, wasu suka sauke. Kafin mako ya zagayo wani ya sake ɗorawa daga wata ƙasa da ban iya faɗin sunanta ba. Na je wajen Markus, wanda ya yi shekaru yana masa ganga, na ce ya ba ni duk abin da suka naɗa. Bawan Allahn nan ya kwaso ya ba ni a kwali ba musu, sannan ya ce min a hankali, "Wannan kwali ne kawai. Shi yana hannun mutane." Na ji haushin maganar, na ɗauka irin daɗin bakin makaɗa ne. Duk shekara idan ranar ta zagayo Inna takan tambaye ni ko an kashe, ni kuma in ce ana kan yi. Ta tsufa yanzu, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, kuma ta gaya min ba ta son ta je ta tarar da shi bai huta ba.

Wanda bai taɓa jin kiɗan Isuhu ba, bari in gwada faɗa masa. Yakan tafi da sauri, amo na bin amo kamar kiɗan gurmi da aka sa wa wuta, sai can a tsakiya ka ji wani sauti ya ja ƙafa. Ba ya kai inda kunne yake jira, yakan tsaya ƙasa kaɗan ya yi nishi, sannan ya haura. Wannan nishin shi ne Isuhu. Masana sun yi ta bayani a kansa, wai hikimar sahara ce. Hikimar sahara ina! Ƙaramin yatsansa na hagu ne ya karye tun yana yaro, ya ɗoru a karkace, ba ya lanƙwasuwa. Idan ya kai hannu ƙasan jita, yatsan sai ya ja a kan tsirkiya ko ya so ko bai so ba.

Su masoyansa ya gaya musu daga kan raƙumi ya faɗo. Mu da ko akuya sai ta maƙwabta. Gaskiyar ita ce ya haɗa gurmi da gwangwanin madara da wayar birkin keke, ya ɓuya bayan rumbu yana kaɗawa a lokacin da ya kamata a ce yana gaban allo. Gidanmu gidan malamai ne, ba a taɓa maroƙi a cikinsa ba. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta kai wa gwangwanin duka, shi kuma ya kare da hannu. Ina tsaye, na ji ƙarar. Maɗori ya zo ya ɗaure yatsan da karan dawa da tsumma. Tun daga ranar ba a sake tayar da zancen a gidanmu ba, kuma har ya mutu, idan yana gaban Inna hannun nan yana cikin aljihu.

Bara waccan ina aiki a wani gida a Germantown, ina ba wata tsohuwa shayi da hantsi, sai na ji shi ta bango. Ba faifai ba ne, don na san faya-fayansa duka, na saurare su ɗaya bayan ɗaya lokacin da nake farautarsu. Wannan sabon kiɗa ne, ana yi ana tsayawa ana sakewa, kamar yadda yakan yi a ɗakina na ƙasa idan ya sauka daga mota. Ga nishin nan, daidai inda yake sa shi. Tsigar jikina ta tashi, na juya ina kallon bangon. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Kin san shi ne?" Na ajiye kofin. Na fita na buga ƙofar maƙwabcin, ina addu'a a zuciyata, ban san me nake roƙo ba, a buɗe ko kada a buɗe.

Wani Bature ne ya buɗe, mai furfura, likitan haƙori da ya yi ritaya, jita rataye a wuyansa. A hannunsa na hagu ya ɗaure ƙaramin yatsa da filasta a jikin tsinken askirim. Na tambaye shi ko ciwo ya ji. Ya yi dariya ya ce a'a, haka ake yi, duk mai son ya fitar da sautin Isuhu sai ya ɗaure yatsa, har shagunan kayan kiɗa suna sayar da abin ɗaurin. Na tsaya ina kallon hannun. Da a ce tsumma ne maimakon filasta, da na rantse ɗorin bayan rumbunmu ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan. Mutumin da ya yi ta neman likitan da zai miƙe masa yatsa, wanda idan sanyin ƙasar nan ya shigo sai ya tsoma hannun a ruwan ɗumi kafin ya iya riƙe sitiyari. Ina jin da farko dariya zai yi har ya riƙe ciki, don shi ba ya barin abin dariya ya wuce. Bayan nan ban sani ba. Yau yara suna koyon kiɗansa a waya, ana rage gudun hoton don a ga yadda hannun yake tafiya. An ce har na'ura ta iya ƙirƙiro sabon kiɗa da salonsa. Mutum ya mutu, ana ta samun sababbin waƙoƙinsa. Ni wannan ba ya burge ni, tsoro yake ba ni.

Duk shekara masoyansa suna taruwa a wani fili kusa da layin dogo a Manassas, kowa da jitarsa, su kaɗa waƙarsa guda tare. Ban taɓa zuwa ba sai bana. Na je ne da niyyar in karɓi abin magana in roƙe su su bari, kuma na kira Inna ta bidiyo don ta gani da idonta cewa na yi. Matar ƙanenmu ce ta riƙe mata wayar. La'asar ce a nan, ganye ya fara ja, filin ya cika. Kafin su fara, ashe suna da al'ada: kowa ya ɗaga hannun hagu sama, a yi shiru. Na juya wayar. Hannuwa ne ko'ina, farare da baƙaƙe, na maza da na mata, kowanne da ƙaramin yatsa ɗaure a miƙe. Ko tari babu mai yi.

Inna ta matso da fuskarta har ta cika wayar. Ta ce, "Mi ya samu yaran ga? Wa ya karya masu hannuwa?"

Na ce, "Ba wanda ya karya, Inna. Ɗaurewa suka yi, don su yi irin nashi."

Sai na ga ta ɗaga nata hannun tana dubawa. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce. Ta ce, "Ki ce masu su kwance. Su kaɗa abin da za su kaɗa, ni na bar ma Allah wannan. Amma su kwance mashi hannu."

Markus ya miƙo min abin magana. Na faɗa musu cewa mahaifiyarsa tana kallonsu daga Nijar, kuma abu ɗaya take roƙo. Ban faɗi labarin muciya ba, don ba nawa ba ne a lokacin. Sai daga baya Inna ta ce in rubuta. Na yi zaton za su yi gardama, mutanen nan ba su da wuyar gardama. Sai kawai na ji ƙarar ɓare filasta ta ko'ina, tsinkaye na faɗuwa a ciyawa. Wata mata a gabana tana ɓarewa tana hawaye.

Suka fara kiɗan. Waƙar ce, ban musa ba, kowane amo a mazauninsa, tsaf. Da suka iso wurin nan da sautin yake jan ƙafa, suka wuce sumul, ba nishi. Kiɗa ne mai daɗi na mutane masu lafiyayyun hannuwa, kuma babu Isuhu a ciki. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, don sai a lokacin kunnena ya yarda ya mutu.

Da waƙar ta zagayo wurin a karo na biyu, na ji shi. Jita guda, can baya wajen layin dogo, ta tsaya ƙasa kaɗan ta yi nishi, sannan ta haura. Markus ma ya ji, don na ga sandarsa ta tsaya a sama. Na ratsa cikin mutane da waya a hannu ina duba hannuwansu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman ɗanta a kasuwa. Har na kai ƙarshen fili ban ga yatsa ɗaure ba. Mai yiwuwa wani ne hannunsa ya saba, ya ci gaba da ja ko babu filasta. Haka mijina ya ce, kuma haka nake gaya wa kaina.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na yayana bayan shekara bakwai, ba zan ce faifai ba, suna cikin kwali a garejina, ƙura ta rufe su. Ba zan ce suna ba, don rabin masu kiransa ba su iya faɗinsa daidai ba. Abin da ya rage shi ne wurin da aka ji masa ciwo, wanda ya yi ta ɓoyewa a aljihu, shi duniya ta ɗauka ta riƙe. Ban san ko ana rubuta masa wannan a lada ko a zunubi ba, kuma na daina yin kamar hukuncin yana hannuna. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ban gaya wa Inna abin da na ji a can baya ba, ban ga amfanin tayar mata da hankali ba. Da kiɗan ya ƙare na juyo da wayar, na ce mata duk sun kwance, kowa da kowa, na duba da idona. Ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Saura guda. Ki bar shi, wannan ba ya kwantuwa."