Muryar Sadisu a cikin gem

Jiya ina share shagon gem ɗina a Karaye sai ga Inna Habi daga Tudun Kaya, mahaifiyar aminina marigayi Sadisu.

Ni da Sadisu muka ɗauki wani tsohon wasan ƙwallo na kwamfuta, muka yi ta fama har ya tashi a na'urar gem ta talabijin. Shi ya yi sharhin da Hausa, da muryar nan tasa mai shaƙewa in an ci ƙwallo. Tun da ya rasu, Inna kan zo in kunna mata, ta zauna a benci tana saurare kawai.

Makon jiya wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona na'urar da kwamfutar. Na duba shafin intanet da muka ɗora kwafi, na tarar an goge shi. Na roƙi masu shafin, suka ce doka ce.

Da Inna ta zo jiya, bayan mun gaisa ta ce, "Kunna min shi, Nura."

Na ce, "Inna, babu shi. Sun ce wasan na kamfani ne, ba mu da izinin taɓa shi."

Ta ce, "To su riƙe ƙwallonsu mana. Mai muryar ai ni na haife shi."

Ta tafi, ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba.

Yau na kasa buɗe shagon. Na san doka ba ta bayanmu, amma don Allah, akwai wanda irin waɗannan mutanen suka taɓa saurara?